Zama a Aji Daban, Karatu Daban: Yara Masu Buƙata ta Musamman a Makarantun Unguwa a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi batun sanya yara masu buƙata ta musamman a makarantun firamare na gwamnati da ke unguwanninsu, musamman a jihohin Arewa maso Yamma na Nijeriya. Ta bi diddigin yadda makarantar allo ta riƙa karantar da makafi tare da sauran yara, da yadda makarantun musamman suka shigo, da abin da dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018 ta wajabta. Matsayarta ita ce, gardamar a haɗa ko a ware ta riga ta ƙare a takarda, saura tambayar wanda zai koyar da yaron bayan an zaunar da shi a aji. Ta nemi a farfaɗo da tsarin malamin zagaye, a mayar da makarantun musamman cibiyoyin tallafi, a kuma yi wa kurame tanadin da ya dace da harshensu.

1.0 Gabatarwa



Shekarun baya aikin duba ɗalibai masu koyon koyarwa ya kai ni wata firamare a gefen gari. A aji huɗu na tarar da wata yarinya a layin baya, littafinta ya fi na kowa tsafta. Duk abin da aka rubuta a allo ta kwafe shi tsaf, har da inda alli ya goce wa malam. Na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya na tambaye ta me take nufi, sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Yaran da ke gefenta suka ce, "Malam, ai ba ta ji. Tun da ta yi sanƙarau." Na juya ga malamin ajin, ya ce shi ma haka ya gaje ta daga aji uku, ya ƙara da cewa, "Kuma wallahi ba ta da fitina." Shekara huɗu ke nan tana sammakon zuwa. Sunanta na cikin rajista, ana ƙirga ta cikin yaran da aka sa a makaranta, kowace shekara ana ciyar da ita gaba. Zanen haruffa kawai ta koya.

A lissafin ofis wannan yarinya nasara ce. A wurina ita ce babbar shaidar cewa zaunar da yaro a aji abu ne daban, karantar da shi kuma abu ne daban, kuma a kan tazarar da ke tsakanin biyun maƙalar nan za ta tsaya.

Kafin nan, ɗan bayani kan kalmomi. Mutane da yawa sun daina cewa "naƙasassu", sun koma "masu buƙata ta musamman", ni ma ita zan riƙe. Amma inda magana ta buƙaci a fayyace zan ce makaho, kurma, gurgu, domin da waɗannan sunaye ƙungiyoyinsu da sarakunansu suke kiran kansu, kuma buƙatar makaho ba ita ce ta kurma ba. Tsarin da ake karantar da su a aji ɗaya da sauran yara kuwa zan kira shi karatun haɗaka, tunda "ilimin bai-ɗaya" ya riga ya zama sunan shirin UBE.

A shekarar 2016 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin masu buƙata ta musamman ya bambance halaye huɗu da yaro kan sami kansa a ciki. Akwai hanawa, inda ba ya zuwa makaranta sam. Akwai warewa, inda ake kai shi makarantar irinsa zalla. Akwai abin da zan kira cusawa, inda ake sa shi a ajin kowa da kowa a bar shi ya san yadda zai yi. Sai haɗaka, inda makarantar ce take gyara koyarwarta da gininta da jarrabawarta domin ta ɗauke shi. Yarinyar da na ba da labarinta cusa ta aka yi.

2.0 Abin da Muka Gada

Akan yi magana kamar karatun haɗaka baƙo ne da ƙungiyoyin waje suka kawo mana. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ba haka ba ne. Da yawanmu mun zauna da makaho a zaure ɗaya, ko a gefen wuta ɗaya da daddare, kuma ba a kira taro ba kafin a karɓe shi. Yana da kyau mu tambayi kanmu me ya sa abin ya yiwu a can. Karatun allo da kunne ake ɗaukarsa, malam ya biya, almajiri ya maimaita. Kowane ɗalibi da inda allonsa ya tsaya, wannan yana Sabbi, wancan yana Tabara, ba mai jiran wani, ba kuma wanda ake ja ya bar abin da bai iya ba don shekara ta ƙare. Sannan gardi kan biya wa ƙarami, karatu bai rataya a wuyan malam shi kaɗai ba. Waɗannan su ne dai abubuwan da masana ilimi suke kwaɗaitar da mu a kansu yau da sababbin sunaye.

Addini ma bai bar mu cikin duhu ba. Surar Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi a majalisar da manyan Ƙuraishawa suke zaune. Daga baya ya zama ladani, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa idan zai fita. Imam Shaɗibi, wanda har yau da ƙasidarsa ake koyon ƙira'o'i bakwai, makaho ne. A gida kuwa ga Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda ya rasa ganinsa tun yana ƙarami, ya yi karatunsa a zaurukan malamai tare da masu ido, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Sai dai kada son gida ya sa mu faɗi rabin magana. Tsarin da ya dogara da kunne bai yi wa kurma wuri ba. Kuma sarautun da muka gada, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, duk da sun ba jama'arsu shugabanci da murya a fada, tattalin arzikin da aka gina su a kai bara ce. Har yau iyaye da yawa idan Allah ya ba su ɗa makaho ko gurgu, hanyar da suke hango masa ke nan. Barar kuma yara biyu take cinyewa, domin ɗan jagoran da ke riƙe da sandar makaho, ko yake tura keken gurgu, shi ma ba ya makaranta, alhali lafiyarsa ƙalau. Jihar Kano ta hana bara a 2013, ta sake hanawa a 2020. Wanda aka kora daga bakin titi, in ƙofar aji ba ta buɗe masa ba, bakin titin zai koma.

Da boko ta zo, ta zo da allon bango da littafi, wato karatun ido, da kuma aji mai tafiya tare daga zango zuwa zango. Wanda bai iya bin ayarin ba sai a yi masa makarantarsa daban. Mishan ɗin SUM suka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, ita ce ta farko a Nijeriya. Iyaye Musulmi da yawa sun yi ɗari-ɗari da kai 'ya'yansu, don nisa da kuma tsoron addini. Sai a 1977 Kano ta sami makarantar Tudun Maliki, sauran jihohi kuma suka bi da nasu, kamar makarantar A. A. Raji a Sakkwato da ta kurame a Malumfashi.

Akwai wani abu da aka manta da shi a tsakanin nan. A shekarun 1960 ƙungiyar kula da makafi ta ƙasashen rainon Ingila, wadda yau ake kira Sightsavers, ta gwada wani tsari a Katsina: a bar makahon yaro a makarantar garinsu, a sa ƙwararren malami ya riƙa zagayawa yana taimaka masa da malamin ajinsa. An yi wannan a ƙasar Hausa kusan shekara talatin kafin duniya ta zauna ta amince da shi a matsayin manufa.

3.0 Abin da Doka ta Ce

Zaman da nake nufi shi ne na Salamanka ta ƙasar Sifaniya a watan Yunin 1994, inda gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka amince cewa makarantar gama-gari ce ta kamata ta karɓi kowane yaro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 ta mayar da wannan haƙƙi a sashe na 24, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 2010. A gida, Manufar Ilimi ta Ƙasa tun bugunta na 1977 ta ware babi ga ilimi na musamman.

Wadda ta fi shafarmu ita ce dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Sashe na 17 ya ba su ilimi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ba tare da wariya ba. Sashe na 18 ya ce kowace makarantar gwamnati, daga firamare zuwa jami'a, dole ta zama ta haɗaka, ta kasance tana da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar a wannan fanni, da kayan aikin da ake buƙata, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu a cikin manhaja. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Da yake firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take, sai jiha ta yi tata dokar kafin abin ya kama ta sosai. Filato ta riga kowa a Arewa tun 2005, Kano ta yi a 2018, Kaduna a 2021.

To, a ɗauki sharaɗin nan na ƙwararre ɗaya a kowace makaranta a auna shi. Makarantun firamare na gwamnati a Nijeriya sun haura 60,000. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka keɓe don horar da irin waɗannan malamai guda ɗaya ce, tana Oyo, tun 1977. Sai sassan da ke jami'o'i kamar na Ibadan da Jos da Bayero, da wasu kwalejojin ilimi. Ɗalibin NCE na gama-gari kuwa abin da yake samu bai wuce kwas na gabatarwa ba, ya haddace ma'anoni, ya rubuta jarrabawa, ya fita bai taɓa riƙe allon rubutun makafi ba. Dokar ta faɗi inda za a je, kuma ta faɗi daidai. Idan muka ce sai mun jira ƙwararre ya sauka a kowace makaranta, yaran da ke aji ɗaya yau za su yi aure ba a kai ga ƙauyensu ba.

4.0 Makarantun Musamman ba za su Ɗauke su ba

Ƙidayar 2006 ta ce masu buƙata ta musamman a Nijeriya sun kai kimanin miliyan 3.25, wato kashi 2.3 cikin ɗari. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 7 cikin ɗari na 'yan shekara biyar zuwa sama suna da wata matsala ta gani ko ji ko tafiya ko makamancinsu, kashi 1 kuma matsalarsu mai tsanani ce. Asusun UNICEF a 2021 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin goma ne a duniya, kimanin miliyan 240, kuma yiwuwar irin wannan yaro bai taɓa shiga aji ba ta ɗara ta sauran yara da kashi 49 cikin ɗari. Bambancin alƙaluman daga irin tambayar da aka yi yake. Uwar da za ta ce "a'a" idan an tambaye ta ko tana da naƙasasshe a gida, ita ce za ta ce "e" idan an tambaye ta ko ɗanta yana shan wuya wajen jin magana.

A ɗauki mafi ƙanƙanta, ɗaya cikin ɗari. Duk unguwar da yaranta suka kai dubu, goma daga cikinsu ke nan. Mu kuwa yankinmu ba na mafi ƙanƙanta ba ne. Mun ga abin da shan-inna ta bari bayan dakatar da rigakafi a 2003 zuwa 2004, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ita a Agustan 2020. Sanƙarau da ya yi mummunar ɓarna a 1996 har yau yana dawowa da zafin bazara, yana barin kurame. Ƙyanda tana makantarwa. Gubar dalma ta 2010 a Zamfara ta kashe yara sama da 400, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar da yawa daga waɗanda suka rayu. Ga doguwar naƙuda da shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba.

Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Jigawa 27, makarantun musamman kuwa a kowace jiha ana ƙirga su da yatsun hannu, kuma a birane suke. Mutumin Doguwa da aka ce ya kai 'yarsa kurma mai shekara shida makarantar kwana a Kano, ya bar ta a hannun waɗanda bai sani ba, alhali ko an cuce ta ba za ta iya faɗa masa ba, idan ya ƙi ba zan ce masa jahili ba. Uba ne. Makarantar da yawancin yaran nan za su iya kaiwa gare ta ita ce wadda ƙannensu suke zuwa da ƙafa.

5.0 Cikin Ajin

A nan ne malaman aji suke tare mu da maganar da ba za a kauce mata ba: "Masu ido da kunne ma yaya muka ƙare da su?" Manufar Ilimi ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, ɗaya ga 10 a makarantun musamman. Ni da ku mun shiga azuzuwan da yara suka haura ɗari, zaune a ƙasa, malami ba ya iya ratsawa zuwa bayan aji. Wanda ya raina wannan kuka bai taɓa riƙe alli ba. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024.

Amsata ita ce mu daina haɗa yaran duka a buhu ɗaya. Mafi yawansu ba ƙwararre suke jira ba. Yaron da ake ce wa makaho sau da yawa yana da sauran gani, abin da yake nema tabarau ne, da zama a layin gaba, da malamin da zai yi rubutu manya-manya ya kuma faɗi abin da yake rubutawa da baki. Zabiya ma haka, a ƙara masa da nisantar hasken taga da barin sa ya sa hula mai baki a filin taro. Mai ciwon kunne a zaunar da shi inda zai ga bakin malam, malam kuma ya daina bayani yana fuskantar allo. Mai in'ina a bar shi ya ƙarasa maganarsa. Mai farfaɗiya, wanda aka fi kora daga makaranta saboda camfin cewa ana ɗaukar ciwon ta yawu, abin da yake buƙata shi ne malami da ɗalibai su san ba a ɗauka, kuma idan ta tashi a kwantar da shi ta gefe, a kau da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki.

Gurgu kuwa kansa lafiya lau, ginin ne matsalarsa. Akan yi ta maganar gangara a bakin aji, amma abin da ya fi korar guragu daga makaranta masai ne. Yaron da yake tafiya da hannuwa, da silifa a tafinsa, ba zai iya shiga bayan gidan da ɗaruruwan yara suka ɓata ba. Sai ya ƙi shan ruwa tun safe, ko ya tafi gida da an tashi tara, a hankali ya daina zuwa. Idan mace ce, da ta fara girma magana ta ƙare. Masai ɗaya mai faɗin ƙofa da abin dafawa, a kulle shi a ba yaron makulli, aiki ne da kwamitin kula da makaranta na SBMC zai iya yi da gudummawar unguwa.

Akwai kuma waɗanda ba a ganin lalurarsu da ido, yaran da haɗa baƙi ko lissafi yake yi musu wuyar da ta wuce misali. Sunan da muka sa musu shi ne daƙiƙai, maganin da muke ba su kuma bulala. Na daɗe ina ganin da yawa daga cikin yaran da suke gudun makaranta daga wannan rukuni suke.

Duk waɗannan horon 'yan kwanaki da bibiya ya ishi malamin aji ya fara. Ragowar su ne 'yan kaɗan da sai da gwani: makahon da ba ya gani sam, kurma, da mai lalurar ƙwaƙwalwa mai tsanani. Rubutun makafi na Birel ɗigo shida ne da ake jujjuyawa su ba da siffofi 63, ana huda takarda da tsinke daga dama zuwa hagu, a juya ta a karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Ba abu ne da malami zai koya a bita ta kwana uku ya koyar ba.

6.0 Malamin Zagaye

Tunda gwanayen kaɗan ne, makarantun kuma da yawa, hanyar da nake ganin za ta ɓulle ita ce wadda aka gwada a Katsina. A ba ƙwararre ɗaya rukunin makarantu da babur, ya zama malamin zagaye. Idan kowace ƙaramar hukuma a Kano ta fara da huɗu, malamai 176 ke nan, adadin da jiha za ta iya samu a shekara ɗaya.

Aikinsa na farko nemo yaran, domin da yawansu suna cikin gida an ɓoye su. Ba sai an ƙirƙiri sabuwar hanya ba. Yaƙin shan-inna ya bar mana mata masu shiga gida-gida da masu unguwannin da suka san kowace ƙofa, kuma limami da ungozoma sun san gidan da aka haifi yaron da har yanzu bai yi magana ba. Na biyu, ya tura wanda magani zai yi wa amfani inda za a duba shi, asibitin ido na ECWA da na ƙashi na Dala a Kano, ko cibiyoyin ido da na kunne na ƙasa da ke Kaduna. Yaron da yanar ido ta rufe wa gani aiki yake buƙata kafin Birel. Na uku, ya zauna da yaron sau ɗaya ko biyu a mako, ya mayar masa da darasin mako zuwa rubutun da zai iya karantawa, ya mayar wa malamin aji amsoshinsa zuwa rubutun boko don a duba. Na huɗu, kuma shi ne mai ɗorewa, ya riƙa koya wa malamin ajin a cikin ajinsa, da yaransa ɗari a gabansa.

Makarantun musamman ba rufe su za a yi ba, aikinsu ne zai faɗaɗa. Su zama wurin da makaho zai yi shekara ɗaya ko biyu ya ƙware a Birel da tafiya da sanda, sannan ya koma garinsu. Gindiri ta daɗe tana yin kusa da haka, ɗalibanta suna wucewa sakandaren garin su zauna da masu ido. Su zama kuma wurin buga littattafai. Shingen haƙƙin mallaka ya kau, domin Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta halatta a juya littafi zuwa sigar da makaho zai karanta. Kenya ta kafa cibiyoyin tantancewa da tallafi irin waɗannan a gundumominta tun 1984. Legas ma tun 2003 take da sassan haɗaka a cikin makarantun gwamnati.

Inda tsarin yake mutuwa sananne ne. A daina ba da kuɗin mai, babur ya kwanta. Ko hedimasta ya ga yana da ƙarancin malamai ya riƙe malamin zagaye ya ba shi aji. Na san masu digiri a ilimi na musamman da aka ɗauka aiki aka tura su koyar da darasin da ba nasu ba, shekara da shekaru, alhali a ƙaramar hukumar akwai makafin da ba su taɓa taɓa Birel ba.

A saman tsani kuwa ƙofa ta fara buɗewa. Tun 2017 hukumar JAMB take shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, har da Kano. Amma sai wanda ya koyi karatu a aji ɗaya ne zai kai can.

7.0 Batun Kurame

A nan zan saɓa wa wasu abokan aikina masu ganin kowane yaro, ko wane iri ne, a ajin unguwarsu ya kamata ya zauna. Kurma guda ɗaya a cikin masu ji ɗari ya fi zama cikin kaɗaici a kan wanda yake makarantar kurame. Matsalarsa ta harshe ce, harshe kuma ba a koyonsa sai a cikin masu yin sa. Takardar Salamanka da kanta ta yarda cewa kurame za su iya fin amfana a makarantu ko azuzuwa na musamman saboda wannan dalili.

Abin da ya dace da su shi ne a zaɓi firamare ɗaya a kowace gunduma a tara kuramen yankin a aji ɗaya, da malami mai maganar hannu, su yi wasa da salla da cin abinci da sauran yara, su kwana a gidajen iyayensu. Kuma a ɗauki kurame manya aikin koyarwa, su ne masu harshen.

Sai tambayar wace maganar hannu. Wadda ake koyarwa a makarantunmu ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma ɗan mishan, ya kawo Ibadan a 1960, kuma da Ingilishi take tafiya. Alhali Hausawa suna da tasu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Da ita kurame suke ciniki a kasuwa, masu ji da yawa ma suna taɓa ta. Yaron da ya zo makaranta da maganar hannun gida, aka ce masa wannan ta 'yan ƙauye ce, an raba shi da uwarsa a harshe. A fara masa da tasa, a ɗora masa ta makaranta a kai, domin zai buƙace ta a sakandare da jarrabawa. Ta nan ne kuma za a iya kai masa karatun addini, wanda kurame suka fi kowa rasa shi a ƙasar nan.

8.0 Kuɗi da Kira

Dokar UBE ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 2 cikin ɗari na wannan ne yake zuwa ilimi na musamman. Wato a kowace naira 10,000, naira 4. Ɗan abin nan ma yawanci a gini da sayen kaya yake ƙarewa, kayan su kwanta a sito don ba mai iya aiki da su. Ina ganin a ƙara kason, a kuma sa sharaɗin cewa wani ɓangarensa na horar da malamai ne da zirga-zirgarsu.

Amma akwai abin da ba ya jiran Abuja. Ina roƙon shugabannin hukumomin SUBEB da sakatarorin ilimi, kowa ya sa a duba takardun malaman da yake biya albashi, a fitar da duk mai shaidar ilimi na musamman, a sauke masa ajin da aka ɗora masa, a ba shi makarantu biyar ko shida da babur da kuɗin mai a cikin kasafi. A kuma ƙara layi ɗaya a rajistar kowane aji, inda malami zai rubuta yaron da ya lura ba ya gani sosai, ko ba ya ji, ko ba ya fahimta, domin malamin zagaye ya san inda zai fara. A yi wannan kafin a ɗauki 'yan aji ɗaya na shekara mai zuwa.